Ɗan'uwan Labuan da Igwar Kaka

Kampong Ayer, Brunei

Yaya Jamudin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da iyalinka, ya kuma sawwaƙe muku sanyin Cardiff. Mama tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ka sani. Kogin da gidanmu ke tsaye a kansa ya cika kwanakin nan har yana neman taɓa daɓen gida, amma lafiya lau muke.

Maganar ƙaninka Damit ce ta sa na rubuto. Tun da ya fara ɗaukar baƙi a kwalekwalensa, yana kai su kallon kubbar masallaci da birai masu dogon hanci, bakinsa ya ƙara zaƙi. Ran Asabar ya shigo mana da wani Awang Sulong, wai jikan ƙanin Kaka ne da ya koma tsibirin Labuan tun zamanin Turawa, ya zo zumunci. Ni dai ban taɓa jin Kaka yana da ƙane a Labuan ba. Mutumin ya sumbaci hannun Mama kamar gaske, amma idonsa na kan ƙaramar igwar tagullar nan da aka kawo cikin kayan auren kakarmu. Ya ɗauke ta hoto ta kowace fuska, Mama kuwa ko sau ɗaya bai ɗauka ba.

Da aka kawo ambuyat, tuwon nan namu mai yauƙi, da ƙyar ya naɗo shi a tsinke, ya tsoma a miya, sannan ya hau taunawa. Yaya, wane ɗan garin nan namu na kan ruwa ne ke tauna ambuyat? Ko ɗan yaye ya san haɗiyewa ake yi. Bayan ya fita Mama ta ce, "Wannan ko a mafarki bai haɗa jini da mu ba." Damit ya ce wai zaman birni ne ya mantar da shi, wai ma mutumin ya yi alkawarin zuwa ran Juma'a ya kai igwar a goge mana ita a dawo da ita. Na ce masa toka da lemun tsami sun ishe ta.

Ban kama Damit da komai ba, kada in ɗauki alhakinsa. Amma jiya na tarar ya sake matakalar sauka ruwa da katako mai kauri, wadda Mama ta yi shekara da shekaru tana roƙon ya gyara. Ita sai sa masa albarka take yi, ni kuwa raina ya ɓaci, don na san ba nauyin Mama ya auna ba, na igwar ya auna. Ka kira shi kafin Juma'a, kai kaɗai yake jin maganarka.

Ka gaida Yaya Halipah, da Iskandar, da 'yar autarku Suriani.

Ƙanwarka,
Rosnah