Duwatsun da Na Ƙi Lodawa

Zuwa ga Yaya Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu nan unguwar Bani Malik a ƙasar Larabawa lafiya lau, matata Fatu ta warware, 'yarmu Sajida kuma Larabci na nema ya cinye mata Hausa.

Yaya, wani abu na gani da ya tsaya mini a rai. Makon jiya kafilina Abdulghani, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya tura ni da tifa can kan tudu, bayan gari, in ɗebo baƙaƙen duwatsu na katanga. Ina isa na tarar da su a tare, tsibi-tsibi, kamar yadda muke tara duwatsu a gefen gonar Baba kafin shuka. Har na yi murna wani bawan Allah ya rage mini aiki, ban ko tambayi kaina wa ke noma a inda ko ciyawa ba ta fita ba. Sai ga wani tsoho mai kiwon raƙuma yana ɗaga mini sanda. Ya ce kaburbura ne, na mutanen da suka riga Musulunci da dubban shekaru, kuma hukuma ta hana taɓa su.

Na kashe mota na zagaya. Wani tsibin ya fi ni tsawo, wani an ja masa layin duwatsu kamar jela. Su wane ne? Da wane harshe suka yi kuka? Dutsen da na kasa motsawa, wani ya ɗauko shi da hannu saboda mamacinsa. Wallahi tausayinsu ya kama ni.

Na dawo da tifa wayam. Abdulghani ya ce mamatan ba dangina ba ne, ko in koma in loda, ko shi ke nan, ba zai sabunta mini iƙama ba, wato takardar izinin zama, ga shi bayan Sallah za ta ƙare. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma duk tsawon zamanin nan ba a sami wanda ya rushe su ba, ban ga yadda za a yi ɗan Inna ya zama na farko ba.

Ka gaishe da Inna, da Hindatu, da Kawu Zaharadden. Kada ka gaya wa Inna tukuna, amma ka sa a share ɗakina.

Ƙaninka,
Lado