Abin da Lisay ta Faɗa wa Fada

Lipa, watan Agusta

Maigidana Efren,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da fatan kana lafiya, teku kuma na kwance muku. Yaya ciwon bayan? Mu nan lafiya, sai kewarka. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Ka tambayi karatun Lisay. Tun da na cire ta daga makaranta muke fama a teburin kicin, har yanzu haruffa juya mata suke yi. Abin da ta gane da safe, kafin azahar ya gudu. Shekararta tara, Efren, amma wani lokaci sunanta ma a baibai take rubuta shi. Likita ya ce hankalinta garau ne, hanyar koyonta ce daban. Mahaifiyarka kuwa cewa take, "Bishiyar mangwaro ta iya hawa, karatu ne ya gagare ta? Sangarta ce kawai."

Sauƙinta, duk Alhamis muna haɗuwa a zauren coci da sauran iyaye masu koyar da yaransu a gida. Akwai wata tsohuwar Sista, Consuelo, da ta ja Lisay a jiki. Shinkafa take zubawa a tire, yarinyar tana zana harafi da yatsa. Jiya har dariyarta na ji.

Ka kula da kanka.

Taka,
Perlita

Lipa, watan Disamba

Efren nawa,

Ina gaishe ka, da fatan sanyin can bai takura maka ba. Jikinmu lafiya, zuciya ce dai ba daɗi.

Lisay ta karɓi Jibin Ubangiji na farko. Da ka gan ta cikin farar riga da mayafi, da ka yi kuka. Sai dai ranar ba ta ƙare yadda muka so ba. An ba yara addu'o'in da za su karanta a gaban jama'a, ita ma ta nace sai an ba ta. Sista Consuelo ta yi ta maimaita mata tata har ta haddace. Ashe da safen wani yaro bai zo ba, malamar da ke shirya su ta canja musu takardu, ba ta tuna da halin Lisay ba.

Ta hau mumbari, ta kalli takardar, ta ga ba tata ba ce. Ta tsaya. Daga inda nake ina ganin leɓenta na motsi, tana kokawa da kalmar farko. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta make shi. Ƙarshe Fada ne ya matso ya karanta mata.

A gida ko taliyar pansit ɗin da na dafa domin ta ba ta taɓa ba. Bakin mahaifiyarka nake tsoro. Amma sai ta ninke rigar ta sa a akwati tana share hawaye.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Perlita

Lipa, watan Maris

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata Azumin kafin Ista ya same ka lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, rasa abin rubutawa na yi.

Sista Consuelo ta samu shanyewar ɓarin jiki, an mayar da ita gidan tsofaffin Sistoci a Manila. Babu wanda ya maye gurbinta. Sauran iyayen suna da kirki, amma yaransu sun yi nisa, in mun je Lisay gefe take zama tana wasa da igiyar takalminta. Na gwada koya mata yadda Sista ke yi, sai ta ce, "Nanay, uwata, ke ma kin gaji." Gaskiya ta faɗa. Sakamakon gwajin shekara da ake yi wa masu karatu a gida ya fito, za ta maimaita aji.

Ran Asabar na kai ta furta zunubi. Ta daɗe a ciki. Muna hanyar gida cikin motar haya ta jipni, ta jingina da kafaɗata ta ce, "Na faɗa wa Fada ban iya karatu ba, kuma ina sa ki kuka."

Na ce, "Me ya ce miki?"

"Ya ce wannan ba zunubi ba ne."

Na ce to kin gani, sai ki kwantar da hankalinki. Da muka wuce kasuwa, sai ta ɗago ta kalle ni.

"Amma Nanay, zunubi ai shi ake wankewa. In ba zunubi ba ne, haka zan zauna ke nan?"

Efren, na riƙe hannunta har muka sauka. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma har yau ban samo amsa ba. In kana da ita, ka aiko mini. In babu, ka nemi hutu ka dawo, mu rasa ta tare.

Allah ya tsare ka.

Taka har kullum,
Perlita