Turaren da Ya Raba Ni da Inna

Litinin, 3 ga Maris
'Yan kwalaben gwaji na wannan watan sun iso, guda shida, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Wani ɗan ƙaramin gidan haɗa turare ne ke yin su, ba za ka same su a kanti ba, abin da ke burge ni ke nan. Na farko na shafa yau. Ya buɗe da ƙanshin ɓawon lemo da barkono, kafin azahar ya koma fatar sabon takalmi, da yamma sai ɗan hayaki ya rage a wuyan hannu. A lif ɗin ofis mutum biyu suka tambaye ni sunansa. Na yi kamar na manta.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gidan Yaya duba Inna, kamar kowace Asabar. Na shafa mai ƙanshin ɓaure da ƙasar da ruwan sama ya jiƙa. Idon Inna ya tafi gaba ɗaya, kunnen ma sai an ɗaga murya. Na riƙe hannunta, ta shinshina, ta ce min sannu da aiki. Ta ɗauka ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa auna mata jini ce. Dariya na yi, har na ji daɗi wai turaren ya mayar da ni wata daban.

Laraba, 12 ga Maris
Mai wardi da kanumfari. Ya yi zaƙi da yawa, kamar an rufe ni a shagon alewa.

Asabar, 15 ga Maris
Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Sandal da almiski na shafa, mai kama jiki. Ina matsa wa Inna ƙafa sai ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada Yaya ta ji.
“'Yar nan, kina da uwa? Ki riƙa zuwa dubata. Ni Autata wata uku ke nan ba ta leƙo ni ba.”
Wata uku. Daidai lokacin da na fara wannan haukan kwalabe. Ban taɓa fashin Asabar ba. Yaya ta shigo ta faɗa mata a kunne cewa Auta ce a gabanta, Inna ta ture hannuna, ta ce a daina yi mata wayo, ta san ƙanshin abin da ta haifa. Kunya ta hana ni ko cin abinci, na sulale na tafi.

Lahadi, 16 ga Maris
Yaya ta kira. Ashe ta sha gaya min in rage, ni kuwa na ɗauka hassada ce don ita har yau turaren kanti take fesawa. Na ma taɓa faɗa mata haka. Kai, ni kam!

Asabar, 22 ga Maris
Ban shafa komai ba, amma almiskin ya kama duk kayana, har jakar hannu. Na ari doguwar rigar Yaya na shiga ɗakin. Inna ta shinshina, ta ɗauka Yaya ce, ta ce in je in duba tukunya kada ta ƙone. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina.

Alhamis, 27 ga Maris
Na wanke riga ɗaya sau uku da sabulun wanki, na shanya ta a baranda nesa da ɗaki. Na je ofis ba turare, ba wanda ya juyo. Abin ya ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 29 ga Maris
Na sa rigar da na wanke, na durƙusa gefen gadon. Inna ta sa hanci a wuyana ta daɗe. Sai ta kama kunnena ta murɗa da sauran ƙarfinta.
“Auta, ina kika shiga? Ko sai na mutu za ki zo?”
Yaya ta buɗe baki za ta kare ni, na girgiza mata kai. Na ce Inna ki yafe min, na yi laifi, ba zan ƙara ba. Ta ce ta yafe, amma ba ta saki rigata ba har ta yi barci.
Wasu kwalabe huɗu sun iso jiya. Suna cikin kwalinsu, ban dai samu lokacin buɗewa ba ne.