Kuɗin Gyaɗar Yaya Fiddausi da Asiya

Yaya Fiddausi,

Salamu alaikum. Ya mutanen Cadawa? Ni lafiya lau a Dakar, tallafin karatu ne dai bai fito ba, na saba da ci sau ɗaya.

Kin ce in raba muku kuɗin sayen gyaɗa da niƙa, tunda ke ke ɗaukar mai, ƙanwarmu Asiya ƙuli-ƙuli. Yaya, lissafin kuɗi nake karantawa a makaranta, amma ban ga rabon da zai gamshe ku ba. In an bi nauyi, Asiya ta cutu. In an bi ciniki, ke ce.

Na ji ba ku gaisawa, ni kuma ba ni da kuɗin motar zuwa. In har kun raba kayan suyar marigayiya Inna, don Allah kada ki gaya mini.

Ƙaninki,
Shu'aibu