Jar Jita da Kurmin Kakanku

Ni Freeman Schlabach, mazaunin Middlebury a jihar Indiana, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba zazzaɓi, ba wanda ya tsaya a kaina. Shekarata saba'in da uku. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ban yi masa musu ba, tunda ni ke ɗauke da ita. Takardar rabon gado tana ofishin lauya, amma lauya bai san dalilin komai ba. Wannan taku ce, ke Loretta, kai Marlin, ke Dena autata. Ku karanta ta a tebur ɗaya, kada wani ya karanta wa wani ta waya.

Na ɗaya. Jar jitata ta Loretta ce, don ita ce ke goge ta bayan wasa ba tare da an ce mata ba.

Ba ita ce jitata ta farko ba. Ta farko na saye ta ina shekara goma sha bakwai, na binne ta cikin ciyawa a saman barga, domin mu Amish, Kiristocin nan masu rayuwar gargajiya da keken doki, waƙar baki kaɗai aka yarda mana, ban da kayan kiɗa. Kakanku ya soka manjagara a ciyawar wata safiya, jitar ta yi kuka. Bai yi faɗa ba. Ya sauko da ita, ya miƙo mini gatari, ya koma gefe ya tsaya. Ni na fasa ta. Bayan shekara uku na durƙusa aka yi mini baftisma, na yi alkawarin zama a ikilisiya har mutuwa, kuma da gaske na yi shi. Na yi shekara huɗu ina bin doki da garma, kiɗa yana bina. Ranar da zan tafi ban tsallake katanga ba. Na faɗa wa kakanku muna cin abincin rana, na gama abin da ke farantina, na ɗauki malafata. Saboda na karya alkawarin baftisma aka yanke mini hukuncin ƙauracewa: ba mai cin abinci da ni a tebur ɗaya, ba mai karɓar abu daga hannuna. Ban taɓa cewa an zalunce ni ba, na san dokar kafin in durƙusa. Ban kuma yi nadamar tafiya ba ko kwana ɗaya.

Na biyu. Ƙungiyarmu ta kiɗa, 'Yan Keken Doki, da sunanta da motarta da lasifikokinta, ta Loretta da Marlin ce, rabi da rabi. Loretta ta riƙe zaɓen waƙa da gwaji. Marlin ya riƙe mutane, domin shi ne ke iya sa mai biki ya ƙara kuɗi yana godiya.

Amma tun bazara ku biyun ba kwa magana da juna sai a kan dandamali, kuna tsammanin ban lura ba. To ga hukuncina.

Da muka fara, ni da abokina Ervin Graber mai ganga, wanda ya bar gida shekarar da na bari, mun hau dandamali da malafa da wando mai igiya a kafaɗa, don su kaɗai muka mallaka. Mutane suka ga Amish suna kaɗa waƙoƙin rediyo, suka yi dariya, dariyar ta koma rawa, muka ci gaba a haka shekara arba'in da shida. Ban ji kunya ba, tufafina ne. Marlin, kai ma sa malafar, jinina ne kai. Amma ka sayo gemun roba don sababbin makaɗa su manna, mutanen da ba su taɓa tatsar saniya ba, su riƙa kwaikwayon maganarmu tsakanin waƙa da waƙa, wannan ban yarda ba. A gidanmu namiji yana barin gemu ne ranar da ya yi aure. Kawunnanka na nan da nasu, kuma a kasuwa ɗaya kuke sayen ƙusa.

Ke kuma Loretta, kin yi daidai da kika ƙi, kin yi kuskure da kika watsa kwalin gemun a kwandon shara a gaban makaɗa kina kiran ƙaninki ɗan wasan kasuwa. Mutum ne mai 'ya'ya uku. Ke za ki fara zuwa gidansa, shi kuma ya buɗe ƙofa.

Na uku. Baƙin littafina na waƙoƙi na Marlin ne. Akwai waƙa fiye da ɗari huɗu a ciki, duk na koye su da kunne, kuma ba ko ɗaya da ni na yi. An sha tambayata ko ba ya damuna in ƙare rayuwa ina rera waƙar wasu. Ni da na tashi inda ake rera waƙoƙin sujada iri ɗaya tun kakannin kakanni, a hankali, baiti ɗaya ya ci minti biyar? A can na koyi cewa waƙa ba ta wanda ya yi ta ba ce kaɗai, ta wanda ke bukatarta ce ranar nan. Idan tsohuwa ta roƙi waƙar da ta yi rawa da ita ranar aurenta, ku ba ta yadda ta san ta. Kada ku gyara, kada ku nuna gwaninta. Gwanintarku, ku ajiye ta don gwaji a gareji.

Ervin hannunsa ya fara rawa, na sani, kuna jin yana jan kiɗa baya. Kujerar ganga tasa ce har ranar da ya ce da bakinsa ya gaji. Ku rage sauri, ba wanda zai mutu.

Na huɗu, kuma nan ne mafi nauyi. Eka huɗun kurmin nan da ke bayan gonar kakanku.

Kun san yayata Saloma, gwaggonku. Shekara goma sha tara bayan tafiyata ba mu yi magana ba. Sai wata rana da la'asar muna wasa a bikin baje kolin amfanin gona, na hango ta a rumfar mata masu sayar da kek, ta juya mana baya tana ba da canji. Daga inda nake ina ganin ƙasan tebur. Ƙafarta tana bin gangar Ervin. Na ɓata baiti biyu a jere, abin da ban taɓa yi ba. Da muka gama muna loda kaya, ta zo ta ajiye kek na tuffa a kan murfin motarmu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da harshenmu na gida:

"Ka yi ƙiba. Kuma kana waƙa kamar kare ya biyo ka."

Na ce, "Yaya, ai na ga ƙafarki."

Ta ce, "Ƙuda nake kora."

Ta juya ta tafi. Tun daga ranar, duk shekara akwai kek a kan murfin motar. Ita tana iya ba ni, ni ne ba ta iya karɓa daga hannuna. Da mahaifiyarku Wilma ta kwanta ciwon ajali, Saloma ta yi hayar mota ta zo ta yi mako biyu tana jinyarta, tana cin abincinta a ƙaramin tebur kusa da namu, tazarar taku ɗaya, muna hira kamar ba komai. Dena ta tuna wannan.

Da kakanku ya rasu, aka tarar ya rubuta mini kurmin nan. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban taɓa sare reshe ɗaya a ciki ba. Na san wani kamfani ya taya, yana son gina gidajen haya, kuma na san Marlin ya riga ya ga babbar motar yawon wasa a mafarkinsa. Ba za a sayar ba. Kurmin yana manne da gonar, wadda yanzu ɗan Saloma, Orva, ke nomawa, daga nan suke samun itacen hunturu. Shekara ashirin ina son in ba Saloma shi, doka ta hana ta karɓa. Ku ba a yi muku baftisma a can ba, hannunku ba shi da laifi. Don haka na rubuta kurmin da sunanku ku uku, ku kuma ku kai mata takardar da kanku, ku sa mata a hannu. Za ta ƙi sau biyu. Ku zauna ku ci abin da ta ba ku, ku sake miƙawa.

Na biyar. Gida na Dena ne. Ita ba ta iya riƙe murya ko a waƙar ranar haihuwa, kuma kun yi mata dariya a kan haka fiye da kima. Ita ce ta bar aikinta na asibiti rabin mako don ta riƙa kai ni wurin likita. Kayan kafintata da ke gareji ku raba yadda kuka so, ban da injin yankan katako, wanda ya kamata a jefar tun kafin a haifi Dena.

Na shida. Ku binne ni kusa da Wilma a maƙabartar gari, cikin akwatin katako marar fenti. Danginmu za su zo, mota biyu ko uku, cikin baƙaƙen kaya. Muddin suna wurin kada a taɓa jita, kada a kunna lasifika. Idan sun so yin waƙarsu, ku bar su su ja ta iya tsawonta, ku tsaya tsaye har ƙarshe ko da ƙafafunku sun yi sanyi. Ku ciyar da su da kyau, kuma a ranar tebur ɗaya ya isa, tunda wanda ake ƙaurace wa ya riga ya tafi. Ku raka su har mota. Idan sun sha kwana, ku buɗe gareji, ku ɗora Ervin a kujerarsa, ku kaɗa har maƙwabta su fito. Ku yi waƙoƙi masu sauri, ba na son na kuka.

Na rayu a gida biyu, kowanne ya ba ni abin da ɗayan ba shi da shi, kuma ba na son ku raina ko ɗaya. Na san yadda zama yake idan ɗan'uwa ya daina yi wa mutum magana, na ɗauki wannan saboda abin da na zaɓa da idona biyu. Ku ba ku da doka a kanku, duk wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa a cikinku, son ransa ne kawai. Ku haɗu ranar Lahadin farko ta kowane wata a gidan Dena, da wasa ko ba wasa, da fushi ko ba fushi.

Ubangiji ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Ya ba ku lafiya da aikin yi da kunnen jin juna. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini ranakun Asabar ɗin da kuka neme ni ina bikin wasu.

Mahaifinku,
Freeman Schlabach