Na Yi Shelar Rijiyar Mai, Ashe Tanki Ne Ya Ɓule

Bu Darmi, don Allah ki agaza mini da shawara, bakina ya janyo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni ne shugaban kwamitin masallacin unguwarmu a nan Tarakan, malamin makaranta da ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Hajja Indo Upe ta ba mu waƙafin filin da mijinta, marigayi Haji Ambo Tang, ya yi shekaru yana sayar wa masu jiragen kamun kifi man gas, don a gina makarantar ƙananan yara da sunansa. Ni na dage sai an gwada ƙasar kafin a sa tubali. Wallahi ba hangen nesa ba ne, so nake a ce Pak Guru, kamar yadda ake kirana a unguwa, ɗan zamani ne.

Ranar da masu gwajin suka zo har walima muka yi, shinkafa mai kurkum da ƙaguwa, ga lasifika. Inji ya huda ƙasa, ya zaro laka baƙa ƙirin tana ƙyalli, wari ya cika wurin. To, kin san garin nan, tun zamanin kakanni famfunan haƙo mai ke sunkuyo a bayan gidajen mutane. Kafin shugabar masu gwajin, Mbak Ratih, ta rufe kwalbarta, na fizgi lasifika na sanar cewa Allah ya ba masallaci rijiyar mai. Aka yi kabbara. Na ga tana ta ƙifta mini ido, na ɗauka murna take taya ni.

Sakamako ya fito. Gas ne daga tsohon tankin marigayi da ya yi tsatsa a ƙarƙashin ƙasa, ya daɗe yana tsiyaya. Mbak Ratih ta ce yara ba za su zauna a wurin ba sai an kwashe ƙasar, kuma tana jin tsoron rijiyoyin maƙwabta. Ta ƙara da cewa ko ɗanyen man ne ma, ai na gwamnati ne. Wato sau biyu na yi wauta a magana ɗaya.

Kunyata zan iya haɗiye ta, tunda matata ma Sarkin Mai take kirana in ta kawo kofi. Hajja ce damuwata. Ranar walimar tana kuka ta ce game da mijinta, "Alama ce, an karɓi sadakar Pak Haji." Yanzu ni zan je in ce mata guba ya bari? Har yau ban gaya wa kwamiti ba. Wani lokacin zuciya kan raya mini a malale wurin da siminti kowa ya huta.

Mai Dogon Baki, Tarakan

Pak Guru, na yi dariya, amma da na zo kan rijiyoyi dariyar ta tsaya. Maganar siminti ka cire ta daga ranka. Yau ɗin nan ka sanar da maƙwabta su dakata da shan ruwan rijiya har a gwada shi.

Tausayin da kake ji wa Hajja daidai ne, sai dai shirunka ba zai kare ta ba. In ta ji a kasuwa, ciwon ya fi. Ka je gidanta da matarka kafin ka tara kwamiti. Ka fara da naka kuskuren, ba na mamaci ba. Ƙarfe ne ya ruɓe, niyyarsa ba ta ruɓe ba, kuma waƙafin yana nan. Ƙasa ana kwashe ta a zuba sabuwa, lokaci kawai za ta ci. Ka tafi da bayanin Mbak Ratih a kan yadda za a yi, kada ka je da mugun labari tsuransa.

Ka kuma riƙe neman sunanka da daraja, don shi ya hana a zaunar da yara a kan gas.

Abu na ƙarshe. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana wanke rigunan mai sayar da gas ba ta manta warinsa ba. Ina kyautata zaton tun ranar ta gane, tana jiran wanda zai faɗa mata ba tare da ya zubar da mutuncin mijinta ba. Ya zama kai ne. Allah ya ba ka laushin harshe, ya jiƙan Pak Haji.

Bu Darmi