Agwagwarku ta kore mana yara zuwa kogi

Zuwa ga Shugaban tashar yara ta talabijin, wadda muke kamawa a dish.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka har da mai gadi.

Sunana Sabi'u, ina faci a Wudil, gefen hanyar da ke gangarawa kogi. Duk wanda ya san ni zai ce maka kada ka yarda da maganata, domin ni ne na taɓa sa wa mai shayinmu ƙadangaren roba a gwangwanin siga. To yau ba tsokana ta kawo ni ba. Tsoro ne, kuma a kan Mubarak ne, ɗan yayata Hadiza, yaro ɗan shekara tara.

Na ɗaya. A da kuna da shiri da yamma inda yara ke haɗa abubuwa da gwangwani da waya, da wani na namun daji. In ana yin su ko kiran abinci Mubarak ba ya ji. Daga nan ya koyi haɗa fanka da injin tsohuwar rediyo, har yanzu tana rataye a rumfata, tana juyawa in ta ga dama. Sai muka wayi gari kun cika tashar da shirin 'yan yaye. Da safe agwagwa, da azahar agwagwa, da la'asar motoci masu ido suna waƙa, sai kuma agwagwa. Ta tsaya ta zuba wa mutum ido tana tambayar ina ƙwallo, alhali ga ƙwallon nan a bayanta. Ummi, ƙanwar Mubarak mai shekara uku, tana ihu tana nuna mata. Ba na ƙin Ummi ta ji daɗi. Amma yaron da ya kai izu biyar ba zai zauna yana taya agwagwa neman ƙwallo ba, ballantana abokansa su leƙo su gan shi, su laƙa masa suna har ya yi gemu.

Na biyu. Wani ɗalibin jami'a da nake yi wa facin babur ya duba min a wayarsa, ya ce ai ba ku cire shirin manyan yara ba, kun mai da shi safiyar Asabar da Lahadi. Ranka ya daɗe, wa ya ce muku yaranmu suna gida Asabar da Lahadi? Nan garin ranakun nan tun hantsi suna islamiyya, wasu sai yamma liƙis. Hutun allo Alhamis da Juma'a ne, haka muka taso muka tarar, haka malaminmu ya tarar. Ranar Alhamis da yamma da bayan an sauko daga masallacin Juma'a, nan ne yaro ba shi da allo ba shi da boko, kuma daidai nan kuka ba agwagwa filin gaba ɗaya. Kun ajiye tuwo a lokacin da mai ci ba ya gida.

Na uku, wanda shi ne ya hana ni sukuni. In yaro ya bar gaban talabijin a Wudil, kogi ya nufa. Kogin kuwa ba na da ba ne. Masu ɗiban yashi sun haƙe cikinsa, kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka nemi ƙasa ka rasa. Ga damina ta kankama. Yaya Hadiza ba ta fita, mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki a hanya. Ya yi dukan, ya yi faɗan, motarsa na tashi yaro ya zame. Ni ne a bakin hanya, don haka ni ne mai gadin.

Na yi iya abin da na iya. Na ce wa yaran an ga kada, har na ja guntun tsohuwar taya a kan yashi na nuna musu sawunsa. Suka ɗauke ƙafa, sai da wani masunci ya gani ya yi dariya ya ce wannan kadan a rumfar faci yake kwana. Na ce ruwan yana kama mai wushirya, suka tura mai wushiryar cikinsu ya fara shiga, ya fito lafiya. Tun daga nan in na buɗe baki sai su ce Kawu ya fara.

Juma'ar da ta wuce, ranar kasuwa, motar shanu ta yi faci a gabana, direba yana tsaye a kaina. Ina gani yaran suka wuce za su kogi, Mubarak a ƙarshe yana kau da kai. Na ce bari in ɗaura tayar nan in bi su. Ban gama ɗaure noti ba na ji ihu daga gangare. Ban san yadda na isa ba, takalmina ɗaya a hanya na baro shi. Na tarar wani mai yashi ya kifa yaro a kan gwiwarsa, ruwa na zuba ta baki ta hanci. Sai da na ga ƙeyar na gane Nazifi ne, ɗan maƙwabcinmu, abokin Mubarak. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya yi tari ya buɗe ido. Mubarak yana tsaye daga shi sai gajeren wando, ya rungume takalman Nazifi, haƙoransa na haɗuwa. Ni kuwa sai na zauna a yashi.

Tun ranar, ko awaki aka kora ta wajen gangare sai gabana ya faɗi, in yar da abin da ke hannuna. Yaya kuma ta dinga aiko Ummi da 'yar maƙwabta a tambaye ni ko na ga wucewar Mubarak. Na san yara. Tsoron nan na Nazifi ba zai kai su wani watan ba, wasu ma sun fara leƙawa.

Shi ya sa na yi ƙaryar da ta fi ƙarfina. Na ce wa Mubarak ni da kai abokai ne, mun yi waya, ka yi min alkawarin shirin gwangwani zai dawo ranar Juma'a da la'asar. Ya kalle ni ya ce, "Kawu, rantse." Na yi allo, na san nauyin rantsuwa, sai na ce in sha Allahu. Ya ce zai zauna ya jira, amma in agwagwa ta fito, kada in ƙara ce masa komai a kan kogi.

Roƙona ke nan. Ku bar wa su Ummi safiyarsu, ba wanda ya ce a yanka agwagwa. Ku ba manyan yara yammacin Alhamis da bayan sallar Juma'a, ko tsofaffin da kuka riga kuka nuna ne, za su kalla. Kuma nan gaba in za ku raba lokaci, ku tambayi ko malamin allo guda ranar da yake sakin yara.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka naka, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya bakin ruwa kana duba ƙeyar yaro don ka gane ko naka ne. Juma'a na tafe, Mubarak ya riga ya goge rimot ya ɓoye wa Ummi. Ban taɓa roƙon kowa ya mai da ƙaryata gaskiya ba sai kai.

Wassalam.

Naka,
Sabi'u Mai Faci, Wudil.